Jirgin Gindin Tsamiya

Ba zan taɓa mantawa da tsamiyar bayan garinmu ba, ko da yake yau ko kututturenta babu. A gindinta na ji tsoron da ban taɓa jin irinsa ba, a gindinta kuma na sha kunyar da har yanzu idan na tuna sai na gyara zaman hulata. Zan ba da labarin daki-daki, don ni ba na son a kamo magana ta wutsiya.

Da farko a san ko ni wane ne a lokacin. Ni baduku ne ɗan baduku, a wani ƙauye tsakanin Sule Tankarkar da Ɗanzomo, cikin ƙasar Gumel. Karatuna bai yi nisa ba, na dai samu na salla da ɗan abin da ba a rasa ba. Amma an san ni da abu biyu, tsari da ɗaure fuska. A rumfata kowane abu da mazauninsa, basilla nan, wuƙa nan, tukwanen rini a jere daga mai duhu zuwa mai haske. Yara ba sa wucewa ta ƙofata da gudu. Idan na tarar sun baje kara a hanya suna ƙera dawakai da raƙuma, sai in sa ƙafa in watsa, in bi su da tsumagiya, ina cewa wasan kara ba ya kai mutum ko'ina sai gidan lalaci. (A riƙe wannan, za a neme shi nan gaba.)

Sai yadda na ga jirgin ƙasa. Wata shekara na bi ayari zuwa Kano sayen sinadari da garin tagulla, abokan tafiya suka ja ni tasha wai mu ga abin da ake ta faɗa. Da ya tunkaro ya saki kukan nan nasa, ban san lokacin da na tsinci kaina a bayan tarin buhunan gyaɗa ba, takalmi ɗaya a ƙafa. Da ya tsaya, zuciyata ta dawo mazauninta, sai na leƙo na dube shi da idon sana'a. Abin da na gani ya ɓata mini rai. Baƙi ne tun daga kai har wutsiya, kamar gindin tukunya. Abu mai girma haka, mai jan kayan da ayari guda ba zai ɗauka ba, a ce ba a yi masa ko zare ɗaya na ado ba? Mu ko jakar mai tallan goro ce sai mun bi bakinta da ja. Na dawo gida da wannan a raina, cewa masu jirgi sun ƙera abu ba su gama ba.

Shekaru suka shuɗe, sai labari ya zo wai ana shimfiɗo dogo, hanyar jirgi, daga Kano zuwa gabas, zai bi ta Gagarawa. Gari ya cika da maganganu. Wasu suka ce ƙarfen ba ya kwanciya sai ya sha jini, wasu suka ce duk garin da ya ji kukan jirgi rijiyoyinsa za su ƙafe. Mata suka daina barin yara su yi nisa. Ni kuwa abin da ya dame ni daban ne. Yaya za a kawo dogo har Gagarawa a ƙi ƙarasawa da shi Gumel? Ina Maigatari da kasuwar shanunta? Wannan ba tsari ba ne. Sai na shimfiɗa nawa dogon a cikin kaina: ya tashi daga Gagarawa, ya tsaya a Gumel, ya kai Maigatari, ya juyo ta Sule Tankarkar, ya sauke a Ɗanzomo. Tunda dogon nawa ne, launin jirgin ma ni zan yanke. Daga tunani abin ya gangaro hannu.

Bayan kaka ne, kara ya wadata. Na ɗauki zungurun matata Habi, wanda take sa hannu a ciki in ta yi lalle, na mai da shi cikin kan jirgi. (Ta neme shi har ta zargi maƙwabciya, ni ma na taya ta faɗa a kan sakaci.) Na kafa masa guntun gora a matsayin bututun hayaƙi, na fafe sakaina na yi ƙafafu, na haɗa tarago biyu da kara. Kowanne na lulluɓe shi da fatar akuya mai laushi, don kara ba ya karɓar rini yadda fata take karɓa.

To a ina mai gemu zai yi wannan aikin? A rumfa dai ba zai yiwu ba, a gida kuma akwai Habi. Wuri ɗaya ne na san ba mai zuwa, gindin tsamiyar nan, don kowa ya san ta da mutanen ɓoye, balle da tsakar rana. Ni ma ina tsoronta kamar kowa. Amma da na auna tsoron aljan da tsoron dariyar mutane, sai na ga aljan ya fi sauƙi, tunda shi ba ya zuwa kasuwa ya ba da labari. Kullum idan rana ta take, gari ya yi shiru, sai in rataya jaka in ce da Habi na tafi tsintar bagaruwa. In yi bisimilla, in yi sallama ga masu wurin, in zauna ina aiki ina waiwaye. In na tashi in cusa kayan a kogon bishiyar.

Ƙirar ba ta ba ni wuya ba, launi ne ya hana ni sukuni. Kan jirgi na so in yi masa ja gaba ɗaya, sai na tuna hayaƙi zai ɓata shi, kuma abin da yake cin wuta baƙi ne ya dace da shi. Na shafe shi da kuloko, baƙin rinin nan namu na dukawa, na goge da man shanu har yana ɗaukar ido. Na gwada ratsa masa rawaya ta gangamau a ciki, sai ya koma kamar mai ciwon shawara, na kankare. A ƙarshe na tsaya a kan abu ɗaya: in yi wa saman bututun ja da karan dafi, ja jawur, don mai jira a tasha ya hango shi ta saman dawa tun yana nesa. Tarago na ƙarshe, wanda ya fi tsawo, na talakawa ne da kayansu, shi na goge shi da alli ya yi fari, don fari ba ya ɗaukar zafin rana. Na tsakiya kuwa na manya ne, malamai da attajirai, saboda haka na ce sai kore, don a duk rinin dukanci babu mai wuya da daraja kamarsa. Ga tsarin nan ya fita: baƙi a gaba, kore a tsakiya, fari a baya, daga mai duhu zuwa mai haske, daidai da jerin tukwanena. Siraran layukan gefe da gashin kaza na ja su, na baƙar kazar Habi da na wani jan zakara da aka yanka mana, don babu abin da yake fitar da siririn layi kamarsa.

Kore ba ya haɗuwa sai da garin tagulla da sinadari da nono mai tsami, a nan Inna Dudu ta shigo labarin. Tsohuwar Bafulatana ce, rugarsu tana arewa da gari, kullum takan bi hanyar da ta gitta can nesa da tsamiyar ta kai nono cikin gari. 'Ya'yanta suna shayar da shanunsu a rijiyarmu duk rani da izinin Bulama, mai garinmu, kuma in ba wannan rijiyar ba babu wani ruwa kusa. Da yake kakannina Mangawa ne, dangin Barebari, abokan wasan Fulani, akwai wasa tsakaninmu, ita kaɗai ce a ƙasar nan take faɗa mini abin da ta ga dama in ƙyale.

Na tare ta a hanya na ce ta ba ni nonon jiya, wanda ya yi tsami.

"Kai Babarbare, bawana," in ji ta, "nono da tsakar rana a daji, ba fura ba ludayi? Ko Habi ce ta gaji da wannan fuskar taka ta koro ka?"

Na ce aiki zan yi da shi. Ta ga ban zo da mazubi ba, sai ta zuba mini a wata 'yar ƙwarya mai zanen wuta a baki, ta ce tun ta kayan aurenta ce, in na yar da ita sai na yi mata kiwon maruƙa shekara guda. Duk garin an san ƙwaryar nan, da ita take auna wa kowa nono.

Ran nan koren ya fita yadda ban taɓa samu ba. Daɗi ya kama ni, na ce bari in shimfiɗa komai sau ɗaya in gani. Na share ƙasa, na jera kara biyu dogaye, na gitta gajeru a ƙarƙashinsu kamar yadda na gani a Kano, na tara ƙasa wuri biyar a matsayin tashoshi, na ɗora jirgin. Wallahi ya yi kyau. Ina durƙushe ina kallo, sai na ji wani abu ya ja jiki a cikin kogon bishiyar, wani huci ya biyo baya. Ban tsaya tambaya ba. Na miƙe, ƙafata ta hankaɗe kaskon karan dafi ya malale a kan saiwar tsamiya, na kama hanyar gida da saurin da bai kai gudu ba don kada a gani, amma bai rage masa komai ba. (Daga baya an ce guza ne. Ni dai ban ga fuskarsa ba.) Na bar jirgi a shimfiɗe, na bar gashin kaza, na bar ƙwaryar Inna. Na ce gobe in Allah ya kai mu na dawo na kwashe.

Washegari da hantsi ina rumfa na ji salati daga bayan gari. Wata mata ce ta bi akuyarta da ta ɓalle, ta yi kiciɓis da abin. Kafin in rufe tukwane gari ya tashi. Na bi mutane, na tsaya a baya na ɗaure fuska kamar yadda aka san ni.

An yi da'ira nesa da bishiyar, ba mai matsawa. Mata sun rufe idon yara da gefen zane. Aka kawo Bulama a kan jaki, don a kwanakin kurkunu ya kumbura masa ƙafa, ga jar dararsa a ka wadda ba ya rabuwa da ita. Liman yana gefensa da koren mayafinsa a kafaɗa, yana jan carbi da sauri. Sai Tanko wanzami, sa'ana, wanda ba a taɓa yin abu a garin bai san fassararsa ba, ya karɓi doguwar sanda ya matsa taku kaɗan ya fara bayani.

Ya nuna saiwar bishiya ya ce ga jini nan an zuba. Ya nuna gashin ya ce baƙar kaza da jan zakara, kowa ya san waɗanda ake yanka wa su. Ya nuna gajerun karan da na gitta, ya tambayi jama'a a ina ake gitta itace haka a jere. Wani dattijo ya ce a kabari. Tanko ya ƙirga tarin ƙasar nan biyar, sannan ya juyo ya fara duban dattawan gari ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kalla sai ya sunkuyar da kai. Farin taragona ya ce makara ce da likkafani. Da ya zo kan koren, sai ya dai kalli kafaɗar Liman, Liman ya zame mayafin ya naɗe shi a hammata.

"Wannan baƙin kuwa," in ji Tanko, ya rage murya, "ranka ya daɗe, ba ni zan faɗa ba. A dai dubi abin da yake kansa. A kuma dubi inda ya sa gaba."

Kowa ya dubi jan bututun, ya dubi hular Bulama. Dogon nawa kuwa, da yake na bi inda ƙasa ta fi laushi, ya miƙe ne sak ƙofar gidan Bulama. Bulama ya dafa kumburarriyar ƙafarsa, fuskarsa ta yi toka.

Abin da zai ba ku mamaki, ni da na yi abin da hannuna, sai tsoro ya kama ni. Na dube shi da idonsu na ga kabari, na ga makara, na ga jini. Na fara tambayar kaina, shin ni na zaɓi launukan nan ko masu bishiyar ne suka zaɓa mini? Me ya sa na kankare rawaya na bar ja? Wa ya sa ni miƙa dogon ƙofar gidan Bulama? Wani maƙwabcina ya raɗa mini cewa yau sai na kwana ɗinkin layu, na gyaɗa kai.

Sannan Tanko ya tura sandarsa bayan saiwa ya mirgino 'yar ƙwarya, cikinta kore shar. Ba wanda ya tambayi ta wace ce.

Aka aika a kira Inna Dudu. Ta zo da tallanta a ka, babban ɗanta yana biye da ita da sanda a kafaɗa. Ta sauke ƙwaryar nono, ta durƙusa ta gai da Bulama. Ya tambaye ta ko ta san wannan. Ta dubi ƙwaryar, ta dubi abin da yake gindin bishiya, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce tata ce, amma aro ta bayar.

"Wa kika ara wa?"

"Wanda ya roƙa, ranka ya daɗe."

Aka yi juyin duniya ta ƙi ƙarawa. Liman ya lallashe ta, Tanko ya yi mata barazana, ɗanta ya yi mata magana da Fulatanci a hankali, ta girgiza kai. Da ta kalle ni ma da ya fi mini sauƙi. Ko sau ɗaya ba ta juyo inda nake ba. Mutane suka fara gunaguni, masu sayen nononta shekara da shekaru suna tofar da yawu, wata tana cewa dama ɗanta ya yi zazzaɓi bayan ya sha. A ƙarshe Bulama ya yanke: tunda ta ƙi faɗa, ita ce mai abin. Daga yau shanunsu ba za su ƙara shan ruwan rijiyar garin ba, kuma su tashi da rugarsu kafin Juma'a. Ɗanta ya ce, ranka ya daɗe, rani ya shigo, maruƙa ba za su kai wani ruwan da ransu ba. Bulama ya kawar da kai.

Ina so in ce muku nan take na fito na kare ta. Ban fito ba. Lissafi nake yi, kuma a tsare nake yinsa kamar kullum. In na ce nawa ne ban yi bayani ba, na zama mai sammu, a kore ni. In na yi bayani, na zama ƙaton banza mai wasan kara, a gaban yaran da na zane saboda wasan kara. Na rasa wanne ya fi muni. Can cikin mata na hango Habi, ba jama'a take kallo ba, baƙin abin nan take kallo, daidai inda wuyan zungurunta yake da ɗan lanƙwasa. Daga nan ta ɗago ta dube ni.

Liman ya ce a tattara kayan wuri ɗaya a yi addu'a a ƙone. Tanko ya shiga turawa da sanda, amma bakinsa bai iya hutawa ba, sai ya ce bari ya nuna wa jama'a yadda makircin yake tafiya. Ya tura farin tarago gaba, ya jawo kan jirgin ya sa a bayansa, ya bar koren a ƙarshe, a karkace ma, ƙafa ɗaya a wajen dogo. Yana cewa, ga likkafani yana jan gaba, ga mai jar hula yana bi.

"Ba haka ake jera shi ba."

Sai da na ga kowa ya juyo sannan na gane daga bakina ta fito. Tunda ta riga ta fita, sauran ma suka biyo ta.

"Baƙi ne a gaba, sannan kore, sannan fari. Ina ka taɓa ganin tarago yana jan kan jirgi?"

(Ga gaskiyar da nake jin nauyinta har yau. Hukuncin da aka yanke wa tsohuwa bai buɗe bakina ba, kallon matata bai buɗe shi ba. Jeri aka ɓata.)

Tanko ya ja da baya ya ce, "Baduku, lafiyarka?" Bulama ya yafito ni da hannu. Na zo na durƙusa, na zayyana komai daga farko: Kano, zunguru, kuloko, karan dafi, gashin kaza, nonon Inna. Na ce jirgin ƙasa ne, irin wanda ake cewa zai zo Gagarawa, na ƙera ƙaraminsa ne don in ga launin da zai dace da shi. Na ce tarin ƙasar nan ba kaburbura ba ne, garuruwa ne.

Bulama bai yarda nan da nan ba, mai ciwo ba ya saurin sakin tsoro. Ya ce in jirgi ne ai tafiya yake yi, to ya tafi ya gani. Na rarrafa gindin bishiyar a gaban gari duka, na gyara jerin, na kama igiyar fatar da na ɗaura masa a hanci, na fara ja da gwiwa ina kiran tashoshi. Nan Gagarawa. Nan Gumel. Ƙafafun sakaina suna ƙara, gemuna yana sharar ƙasa. Da na kai Maigatari sai Bulama ya ce, ya ji an ce abin yana kuka, yaya nawa ya yi shiru? Na ce, ranka ya daɗe, na kara ne. Ya ce shi dai yana so ya ji yadda na Kano yake yi, don in ya zo kada ya firgita mutane.

Na rufe ido, na ɗaga kai, na yi kukan jirgi. Sau biyu, don haka yake yi in zai shiga tasha, ni kuma ba na rage aiki.

Na buɗe ido na ga Liman ya toshe baki da koren mayafinsa, kafaɗunsa suna rawa. Daga shi ta kama. Dariyar mutanen da suka tsorata ta fi kowace dariya ƙarfi, wasu har zama suka yi a ƙasa. Yaran da na sha bi da tsumagiya suka kutso gaba, ba wanda ya hana su, suka kewaye ni suna maimaita kukan. Tanko yana ta cewa shi dama ya ga alamar ƙafafu, ba wanda ya saurare shi.

Bulama ya share hawaye ya ce, "To jar hular fa, ta mece ce?"

Na ce, "Don a hango shi daga nesa, ranka ya daɗe."

Ya taɓa dararsa ya ce, "Ni ma don haka nake sa tawa."

Nan take ya janye hukuncin. Ya ba Inna Dudu haƙuri a gaban kowa, ya ce shanunsu su sha ruwa har su bari, masu tofar da yawu kuma suka koma neman a auna musu nono. Ita kuwa ta miƙe, ta karkaɗe zanenta, ta zo ta tsaya a kaina ina durƙushe, ta ɗauki 'yar ƙwaryarta ta juya ta ta ga koren da ba zai taɓa wankuwa ba.

"Bawana," in ji ta, "ni na rufa maka asiri ne don na zaci wani babban abu kake yi, kada a kore ka da iyali. Har na fara ganin girmanka. Da na san wasan yara ne, da tun kafin in sauke tallana na faɗi sunanka."

Wannan ta fi kukan jirgin zafi. Tsohuwa ta yarda ta rasa ruwan shanunta don ta kare ni, ni kuwa ina tsaye a baya ina kare ɗaurin fuskata.

Bulama ya ce in kwashe kayana in bi ta tsakiyar gari da su, don duk wanda bai zo ba ya gani hankalinsa ya kwanta. Na ɗora jirgin a faifai na ɗauka a ka, yara suna biye da ni suna kiran tashoshi, kuma (abin da ya ƙara ƙona mini rai) suna sa Ɗanzomo kafin Gumel. Da muka shiga gida Habi ta ce in je in ba maƙwabciya haƙuri da bakina, in kuma nemo mata zunguru kafin salla. Na yi duka biyun. Inna kuwa sabuwar ƙwarya na kai mata har ruga, na ɗinka mata jakar fata mai koren baki. Ta karɓa ta ce saura kiwon maruƙa.

Tun daga ranar sunana ya ɓace, Sarkin Jirgi ya maye gurbinsa, har a kasuwar Maigatari da shi ake nemana. Tsumagiya kuma ta fita daga hannuna, don ba yadda za ka kori yaro daga wasan kara alhali ya ji ka kana kuka da gwiwa a ƙasa. Sai ma suka riƙa kawo mini nasu in shafa musu rini, ni kuma ina shafawa, da sharaɗin su jera daidai. Da dogon gaske ya iso Gagarawa na je na gani. Baƙi ne har yanzu, ko ɗigon ja babu, kuma ra'ayina bai sake ba, ba su gama aikin ba.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma zan faɗe shi a jere. In za ka yi wauta, yi ta a ƙofar gidanka inda za a yi maka dariya a wuce, don abin da aka ɓoye a gindin tsamiya ba kai za ka raɗa masa suna ba, kuma wani ne zai biya kuɗin sunan. In ka ari ƙwarya, mayar da ita ranar. Sannan kafin ka shafa wa abu ja a ka, fara duba abin da mai garinku yake sawa a nasa.